Taken Ƙasa: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Tun daga ƙarshen watan Mayun 2024, lokacin da Najeriya ta ajiye taken da ta shafe shekara 46 tana rerawa ta koma ga na lokacin samun 'yancin kai, maganar taken ƙasa ta fito daga littafin ilimin zamantakewa na 'yan firamare ta shigo majalisun hira. A nan Sakkwato an ga malaman makaranta suna kwafar sabbin baitoci a allo alhali su kansu ba su gama haddace su ba, an kuma ga dattawan da suka yi firamare kafin 1978 suna gyara wa jikokinsu karin waƙar. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da iyaye da masu shirya taro suka fi maimaitawa.

Mene ne taken ƙasa, kuma me ya raba shi da sauran waƙoƙin kishin ƙasa?

Taken ƙasa waƙa ce, ko kuma kiɗa zalla, da hukuma ko doguwar al'ada ta ware domin ta tsaya a madadin ƙasa a wuraren da ake buƙatar alamarta, kamar yadda tuta da tambarin gwamnati suke tsayawa. Waƙoƙin kishin ƙasa suna da yawa, kowane mawaƙi yana iya yin tasa, kuma wata tana iya fin taken daɗi da farin jini. Abin da ya ɗaga take a kansu shi ne matsayinsa: shi ake kaɗawa idan shugaban wata ƙasa ya sauka a filin jirgi, shi ake buɗe faretin sojoji da shi, shi ne kuma ake yi wa tsayuwar girmamawa. Wasu ƙasashe sun rubuta nasu a cikin doka, wasu kuwa, irin su Birtaniya, babu wata dokar majalisa da ta naɗa shi, al'ada ce kawai ta tabbatar da shi har ya zama ba a tambaya.

Wane take Najeriya take amfani da shi yanzu, kuma waɗanne ta taɓa yi a baya?

Taken da ke aiki a yau shi ne “Nigeria, We Hail Thee”. An fara rera shi ranar 1 ga Oktoban 1960, inda ya maye gurbin taken Birtaniya da ake kaɗawa a zamanin mulkin mallaka. Wata Baturiyar Ingila da ke zaune a Najeriya a lokacin, Lillian Jean Williams, ita ce ta rubuta baitocin, kiɗan kuma ana jingina shi ga Frances Berda. Ya yi aiki shekara 18.

A 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta sauya shi da “Arise, O Compatriots”. An buɗe gasa, aka zaɓi rubuce-rubucen mutum 5, wato John Ilechukwu da Eme Etim Akpan da Babatunde Ogunnaike da Sota Omoigui da P. O. Aderibigbe, aka tsinci layuka daga kowannensu aka haɗa waƙa ɗaya. Benedict Odiase, wanda yake jagorantar 'yan badujalar rundunar 'yan sanda, shi ya ɗora mata kiɗa. Da wannan taken aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari a 1979, kuma shi ne kusan duk wanda bai kai shekara 50 ba ya tashi da shi a baki.

Sai a 2024 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin komawa tsohon take ranar 23 ga Mayu, Majalisar Dattawa ta bi sahu ranar 28, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya rattaba hannu ranar 29, wadda ta yi daidai da cikarsa shekara ɗaya a kan mulki.

Me ya sa aka dawo da tsohon, kuma me ya jawo ce-ce-ku-cen da ya biyo baya?

Masu goyon baya sun kafa hujja da abubuwa biyu. Na farko, sun ce baitocin tsohon taken sun fi fitowa fili wajen amincewa da cewa 'yan Najeriya sun bambanta a ƙabila da harshe amma 'yan'uwa ne. Na biyu, sun ce na 1978 ɗan mulkin soja ne, ba wakilan jama'a suka zaɓe shi ba. Ra'ayin ba sabo ba ne, domin babban taron ƙasa da aka yi a Abuja a 2014 ya ba da shawarar a koma gare shi, kuma shi kansa Tinubu ya bayyana sha'awarsa ga tsohon taken tun kafin ya hau mulki.

Masu suka kuwa sun fi damuwa da gaggawa da kuma lokaci. Ƙudirin da ya taɓa abin da yara miliyoyi suke rerawa kowace safiya ya ratsa majalisu biyu cikin mako guda, a daidai lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, mutane suna fama da tsadar mai da ta abinci, a gabashin jihar Sakkwato kuma manoma suna fargabar zuwa gona saboda 'yan bindiga. Wasu sun ce abin kunya ne ƙasa ta bar waƙar da 'ya'yanta suka rubuta ta koma wadda baƙi suka rubuta mata, wasu kuma sun ƙi jinin kalmomin da Turawan mulkin mallaka suke kiran 'yan ƙasa da su waɗanda suka samu shiga cikin baitin farko. Tsohuwar ministar ilimi Obiageli Ezekwesili ta fito fili ta ce ita na 1978 za ta ci gaba da rerawa.

Idan aka ajiye siyasa gefe aka dubi baitocin kansu, tsohon taken yana da abin da zai yi alfahari da shi, musamman addu'ar da ke ƙarshensa. Amma ƙorafin gaggawa yana da tushe, kuma ba a amsa shi ba. Abin da ake so jama'a su riƙa da zuciya ɗaya ya kamata a ce an nemi bakinsu a kansa fiye da yadda aka yi.

Baiti nawa ne a cikinsa, kuma me suke cewa?

Baiti 3 ne. Na farko gaisuwa ce ga ƙasa, tare da iƙirarin cewa bambancin ƙabila da harshe bai hana tsayawa a kan 'yan'uwantaka ba, kuma kowa yana alfahari da yi wa ƙasarsa hidima. Na biyu yana magana a kan tuta, cewa ta zama alamar gaskiya da adalci, a girmama ta a lokacin zaman lafiya da na yaƙi, a kuma miƙa ta ga 'ya'ya ba tare da tabo ba. Na uku addu'a ce ga Ubangijin dukkan halitta, ana roƙon Ya taimaka a gina ƙasar da ba a zaluntar kowa a cikinta, Ya albarkace ta da zaman lafiya da yalwa.

A tarukan yau da kullum baitin farko kaɗai ake rerawa. Na uku shi ne aka ɗauka a matsayin addu'ar ƙasa, wadda ake iya karantawa a taron gwamnati, kamar yadda a da ake yi da baiti na biyu na taken 1978. Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa ta fitar da daidaitaccen rubutun baitocin, kuma ga malamin da zai koyar da yara, gara ya nemi wannan da ya dogara da abin da ake turawa a WhatsApp, inda ake yawan samun kalma ta faɗi ko ta canza.

Shin sauya taken ƙasa baƙon abu ne a duniya?

Ko kusa. Ba sai an je da nisa ba, wanda ya bi hanyar Illela ya tsallaka Birnin Ƙonni ya shiga ƙasar da ta sauya nata shekara ɗaya kafin mu. Tun 1961 Jamhuriyar Nijar take rera “La Nigérienne”, wanda Bafaranshe Maurice Albert Thiriet ya rubuta. An daɗe ana ƙorafi a kan wani layi da ke kiran 'yan ƙasa su zama masu godiya saboda sabon 'yancinsu, domin mutane da yawa sun fahimce shi a matsayin godiya ga Faransa. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta sanar da niyyar sauyi a 2019, majalisar dokoki ta amince da sabon take mai suna “L'Honneur de la Patrie” a watan Yunin 2023, a zamanin Mohamed Bazoum, makonni kaɗan kafin juyin mulki. Abin lura shi ne maƙwabtan biyu sun bi hanyoyi masu karo da juna: Nijar ta bar rubutun Bature ta koma na 'yan gida, Najeriya ta bar na 'yan gida ta koma na Baturiya.

Rasha ma ta yi irin komawar da muka yi. Bayan rugujewar Tarayyar Sobiyet ta riƙa amfani da wani kiɗa marar baitoci, sai a shekarar 2000 Vladimir Putin ya dawo da tsohon kiɗan Sobiyet, aka kuma sa Sergei Mikhalkov, mutumin da ya rubuta baitocin zamanin Stalin ya kuma gyara su a 1977, ya sake rubuta wasu sababbi. Libiya ta rera “Allahu Akbar” a zamanin mulkin Gaddafi, da ya faɗi a 2011 ta koma taken zamanin sarauta. Jamus ba ta sauya waƙa ba, ta dai jingine baiti na farko, wanda 'yan Nazi suka ɓata wa suna, ta riƙe na uku kaɗai. Wasu kuma ɗan gyara suke yi: Kanada ta canza kalmomi biyu a 2018 domin waƙar ta haɗa maza da mata, Ostireliya ta canza kalma ɗaya tak a farkon 2021 domin la'akari da daɗaɗɗen tarihin 'yan asalin ƙasar.

Wane take ne ya fi tsufa?

Amsar ta danganta da abin da ake aunawa. Na Holan, “Wilhelmus”, an rubuta shi tsakanin 1568 da 1572, a lokacin da suke yaƙin ƙwatar kai daga Sifaniya, amma bai zama na hukuma ba sai 1932. Idan baitoci kaɗai ake dubawa, na Japan ya girme shi nesa ba kusa ba, domin an ɗauko su daga wani kundin waƙoƙi na farkon ƙarni na 10, sai dai kiɗan na 1880 ne, doka kuma ba ta tabbatar da shi ba sai 1999. Na Birtaniya an san an rera shi a bainar jama'a a Landan a 1745, kuma shi ne ya zama abin koyi ga sauran masarautun Turai. Na Faransa wani hafsan soja, Rouget de Lisle, ya tsara shi a birnin Strasbourg a 1792 domin zaburar da mayaƙa. Na Amurka kuma Francis Scott Key ya rubuta shi a 1814 bayan ya kalli jiragen ruwan Birtaniya suna luguden wuta a kan wani sansani a Baltimore, amma sai a 1931 majalisa ta ba shi matsayin taken ƙasa.

Da gaske ne akwai taken da ba shi da kalmomi?

Akwai. Na Sifaniya kiɗan fareti ne zalla, an sha ƙoƙarin sa masa baitoci amma ba a daidaita a kan ko ɗaya ba. Bosniya da Kosobo su ma kiɗa kaɗai suke da shi, kuma dalilinsu a bayyane yake: ƙasashe ne da al'ummominsu suka yi yaƙi da juna, duk harshen da aka zaɓa da duk tarihin da aka ambata zai ɓata wa wani ɓangare rai. A ɗaya gefen kuma akwai Girka, wadda waƙar da ta ɗauko takenta daga ciki, ta Dionysios Solomos ta 1823, take da baiti 158, ko da yake biyu na farko kaɗai ake rerawa.

Ƙasashe biyu suna iya yin tarayya a take ɗaya?

Suna yi. Tsibirin Kubrus yana amfani da na Girka. Finlan da Estoniya kiɗa ɗaya ne da baitoci daban, haka ƙaramar ƙasar Liechtenstein da Birtaniya, har ta kai idan suka haɗu a wasan ƙwallo akan ji kiɗa ɗaya sau biyu a jere. A Afirka, waƙar addu'ar da malamin makaranta Enoch Sontonga ya tsara a 1897 ta zama tushen taken Tanzaniya da na Zambiya, ta kuma zama rabin farko na taken Afirka ta Kudu.

Su wane ne suke rubuta taken ƙasa?

Babu ƙa'ida guda. Wani lokaci shugaba ne da kansa, kamar Léopold Sédar Senghor na Sanagal, wanda dama shahararren marubucin waƙa ne, ko Thomas Sankara, wanda ake jingina masa taken Burkina Faso na 1984. Wani lokaci fursuna ne: Mufdi Zakariya ya rubuta taken Aljeriya a 1955 yana tsare a kurkukun Faransawa a birnin Aljas, shi ya sa waƙar take da zafi har ta kira Faransa da sunanta tana yi mata kashedi. Rabindranath Tagore shi kaɗai ya ba ƙasashe biyu take, Indiya da Bangaladash. Na Turkiyya Mehmet Akif Ersoy ya rubuta, majalisa ta karɓe shi a 1921 ana tsakiyar yaƙi.

Hannun baƙo a cikin take ma ba Najeriya kaɗai ya shafa ba. Kiɗan taken Aljeriya Bamisire ne, Muhammad Fauzi, ya tsara shi. Na Saudiyya ma kiɗan daga Masar ya zo a 1947, ya kuma zauna shekaru ba baitocin da aka tsayar, sai a 1984 aka ɗora masa na Ibrahim Khafaji. Wato asalin marubuci kaɗai ba ya yanke hukunci a kan waƙa, abin dubawa shi ne ko mutanen ƙasar sun ji ta a jikinsu.

Me ya sa yawancin taken ƙasashen Afirka suke kama da kiɗan sojan Turawa?

Saboda a hannun 'yan badujalar soja da na 'yan sanda aka haife su. A shekarun samun 'yanci, ana buƙatar kiɗan da za a rubuta a takarda, a aika wa ofisoshin jakadanci, ƙungiyar mabusan kowace ƙasa ta iya kaɗa shi ba tare da ta taɓa jinsa ba. Wannan ya sa aka bi salo biyu da aka gada daga Turai, ko na waƙar coci mai nauyi da natsuwa, ko na fareti mai taku. Kenya tana cikin 'yan kaɗan da suka kauce, domin karin takenta na 1963 an ɗauko shi daga waƙar reno ta ƙabilar Pokomo, baitocin kuma da Suwahili aka fara tsara su.

Wannan abin takaici ne ga wanda ya san ƙasar Hausa, domin tunanin a ce kiɗa ya tsaya a madadin mulki ba Turawa suka kawo mana shi ba. Kowace babbar sarauta tana da takenta da makaɗa suke yi, wanda ya saba da fada yana jin busar kakaki ko algaita daga nesa zai gaya maka wane ne ya fito. Tambari ba a buga wa kowa shi sai sarki, kuma ba a kowace rana ba. Ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, kafin a hango rawani, kunne ya riga ya ba da labari, mahaya suna gyara zama, 'yan kallo suna ɗaga hannu ana jinjina, ba tare da wani ya yi shela a lasifika cewa a miƙe ba. Makaɗan fada irin su Salihu Jankiɗi a Sakkwato da Ibrahim Narambaɗa a Isa sun yi wa iyayen gidansu bakandamiyoyin da har yau ana haddace su. Bambancin shi ne waɗannan na mutum ne da gidan sarautarsa, taken ƙasa kuwa ana so ya zama na kowa, har da wanda ba ya ƙarƙashin kowane sarki.

Me ya sa taken Najeriya yake da Turanci, kuma ana iya rera shi da Hausa?

Dalilin zaɓen Turanci a 1960 da 1978 ɗaya ne: ƙasa mai harsuna sama da 500 ta ga cewa ɗaukar Hausa ko Yarbanci ko Ibo zai tayar da rigimar fifiko, Turanci kuwa shi ne harshen gwamnati. Rubutun da doka ta sani na Turanci ne, saboda haka a taron hukuma shi za a rera.

Sai dai wannan ya zo da asara wadda duk wanda ya taɓa tsayawa a asambilin wata firamare a ƙauyukan Wurno ko Gwadabawa ko Tambuwal ya gani da idonsa. Yara suna jere cikin sanyin hunturu, hannaye a manne da cinya, babban ɗalibi ya ba da murya, sauran su ɗauka da ƙarfi. Karin yana fita daidai, amma kalmomin sun narke sun zama wasu sautuka da ba Turanci ba ba Hausa ba, kuma idan ka ja ɗaya gefe ka ce, “Yaro, me wannan layin yake nufi?” sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, haka aka koya mana.” Laifin ba nasa ba ne. An ba shi addu'ar neman ƙasar da ba a zalunci a cikinta, amma an ba shi ita a rufe.

Wasu ƙasashe sun nemi mafita. Taken Afirka ta Kudu na 1997 ya haɗa harsuna 5 a waƙa ɗaya. Na Kanada yana da Faransanci da Turanci, na Suwizalan yana da rubutu a harsunan ƙasar 4, na Niyu Zilan ana fara shi da harshen Mawori. Babu ɗayansu da ta wargaje saboda haka.

Sakkwato kuwa ta fi kowa sanin amfanin sa ilimi a waƙa da harshen da mutane suke ji. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u sun yi rubutu da Larabci domin malamai, amma da suka so saƙo ya kai ga makiyayi da matar aure a cikin gida, sai suka mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa. Shehu Shagari ma, tun yana malamin makaranta, ya tsara “Waƙar Nijeriya” domin koyar da labarin ƙasa da Hausa. Babu dokar da ta hana malami ya fassara wa ɗalibansa ma'anar baitocin layi bayan layi kafin su haddace, kuma da hukuma za ta fitar da amintacciyar fassara mai hawa karin waƙar a manyan harsunan ƙasa, domin makarantu da gidajen rediyo, da ta yi wa taken hidimar da ta fi sauya shi.

Dole ne mutum ya miƙe tsaye idan ana taken ƙasa?

Sashe na 24 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa girmama tuta da taken ƙasa da alƙawarin biyayya ga ƙasa a cikin wajiban kowane ɗan ƙasa. Yadda aka saba nuna girmamawar shi ne a miƙe a ƙame, a daina magana da tafiya da taɓa waya har a gama, masu kaki kuma su sara. Marar lafiya da tsoho da mai lalurar da ta hana shi tsayuwa ba a ɗora musu abin da ba za su iya ba. Cire hula al'adar Turawa ce, a nan ba a neman mai hula ko mai rawani ya tuɓe.

Ƙasashe sun bambanta wajen tsanantawa. Sin ta kafa doka a 2017 da ta tanadi hukunci ga mai wulaƙanta take. A Indiya kotun ƙoli ta yanke a 1986 cewa ba a korar ɗalibin da ya tsaya cikin ladabi amma ya ƙi rerawa saboda aƙidarsa. A Amurka, inda babu hukunci, ɗan wasa Colin Kaepernick ya riƙa durƙusawa a kan gwiwa ɗaya a 2016 domin nuna adawa da yadda 'yan sanda suke kashe baƙaƙen fata, abin da ya raba kan ƙasar shekaru.

Me malaman addini suka ce game da wannan tsayuwa?

Tambaya ce da ake yawan yi a garin malamai irin wannan, kuma gaskiyar magana ita ce an yi saɓani. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya tafi a kan cewa tsayuwa domin girmama tuta ko take ba ta halatta ba, yana ganin ta a matsayin ƙirƙirarren abu da kwaikwayon waɗanda ba Musulmi ba. Cibiyar fatawa ta Masar kuwa ta halatta, bisa hujjar cewa al'ada ce ta nuna ƙaunar ƙasa, ba ibada ba, kuma babu mai tsayawa da niyyar bauta. Akwai kuma masu raba hukuncin baitoci da na kayan kiɗan da ke raka su. A aikace, manyan malamai da sarakunan ƙasar nan suna halartar tarukan gwamnati suna kuma miƙewa tare da jama'a. Wanda abin ya dame shi ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa, ya kuma sani cewa mas'ala ce da masana suka bambanta a kanta, ba wadda za a kafirta juna ko a zargi wani da cin amanar ƙasa ba.

Me ya sa ake taƙaita shi a wasanni, kuma ana yin kuskure?

Masu shirya gasa suna ƙayyade lokaci, yawanci bai wuce minti ɗaya da rabi ba ga kowace ƙasa, shi ya sa ƙasashe masu dogon take suke da gajeren zubi na musamman domin filin wasa. Na Indiya ba ya buƙatar yanka, domin a hukumance daƙiƙa 52 ne. Kuskure kuwa yana faruwa fiye da yadda ake zato, kuma wani lokaci daga intanet yake zuwa. A wata gasar harbi a Kuwaiti a 2012, 'yar Kazakistan ta ci zinare, ta hau dandamali ta dafa ƙirji, sai aka saki waƙar barkwanci daga wani fim da ke yi wa ƙasarta ba'a, domin ita ma'aikatan suka sauko da ita. Sai da aka ba da haƙuri aka sake bikin.

Irin wannan yana iya faruwa a gida. Har yanzu wayoyi da kwamfutocin masu kula da lasifika cike suke da taken 1978, saboda haka mai shirya taron yaye ɗalibai ko na ƙaramar hukuma ya saurari abin da za a saka tun kafin baƙi su zauna.

Taken ƙasa da alƙawarin biyayya abu ɗaya ne? Jiha tana iya yin nata take?

Abu biyu ne. Alƙawarin biyayya ga ƙasa ba a rera shi, karanta shi ake yi, Farfesa Felicia Adebola Adeyoyin ce ta rubuta shi a 1976, kuma sauyin 2024 bai taɓa shi ba. A makarantu akan karanta shi bayan an gama take. Game da jihohi kuwa, wasu a kudu maso yamma, irin su Ogun da Ekiti, suna da nasu da Yarbanci, haka jami'o'i da makarantu da yawa suna da waƙoƙinsu. Babu laifi a wannan muddin ba a ɗora su a kan na ƙasa ba. Idan za a haɗa su a taro guda, na ƙasa ne yake da fifiko, kuma idan akwai baƙo daga wata ƙasa, kamar gwamnan Tawa ko na Dosso ya zo ziyarar aiki, al'adar diflomasiyya ita ce a fara kaɗa na baƙo sannan a bi da na mai masauki.